Kuskuren Baba na Ranar Talatin da Ɗaya

A shekarun farko bayan soja sun koma bariki, duk inda mutum uku suka zauna a Kano sai sun zaɓi shugaba da sakatare. Masu faci sun kafa ƙungiya, masu wankin mota sun kafa, har matan layinmu suka fara kaɗa ƙuri'a a kan ankon biki. Mu ma muna da tamu, a wani shagon buga takardu da ke Gyadi-Gyadi, ba nisa da asibitin koyarwar da nake aikin jinya. Mu huɗu ne 'yan kullum, sai 'yan leƙe da ba a ganinsu sai ranar da aka sayo tsire.

Abin da ya haɗa mu wata 'yar manhajar kwamfuta ce mai tsara rosta, wato jadawalin da ke nuna wa ma'aikatan jinya wa zai yi safe, wa zai yi yamma, wa zai huta. Duk wadda ta taɓa aiki a ɗakin marasa lafiya ta san babu abin da ke haɗa faɗa kamar rosta. Na taɓa ganin manyan mata biyu sun yi wata guda ba sa ga maciji a kan hutun Asabar ɗaya. Manhajarmu a buɗe take, ba a sayar da ita. Kowa na iya kwafa a fulofi, ɗan faifan nan mai kusurwa huɗu da ake yayi a lokacin, ya buɗe rubutun cikinta ya karanta, ya gyara, ya ba wani.

Wanda ya rubuta ta wani dattijo ne mutumin Filato, tsohon malamin lissafi, yana zaune a Tarauni da matarsa. Kowa Baba yake ce masa. Sai da ya yi ritaya ya koyi kwamfuta, ya kuma koye ta da irin nacin da ya koya wa yara lissafi da shi shekara talatin. Jan biro ba ya barin aljihun gabansa. Shi ya koya mini rubuta manhaja, kyauta, layi bayan layi, ranar da na yi shirme kuwa sai ya buga takardar ya zagaye wurin da ja kamar 'yar aji ɗaya. Ina ƙaunar mutumin nan, ina kuma shakkarsa, ban san wanne ya fi yawa ba.

Sauran biyun su ne Alhaji mai shagon, wanda kwamfutocinsa uku muke morewa bayan la'asar, da wani mai gyaran na'urorin asibiti da ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya, muka bar masa don a zauna lafiya. Shi Injiniya ma Baba ya koyar da shi a sakandare, har ya taɓa zane shi, saboda haka ko da furfura a gemunsa, in Baba ya yi gyaran murya sai ya gyara zama.

To, akwai kuskure a manhajar Baba. Duk watan da ya kai kwana talatin da ɗaya, sai ta rasa inda za ta kai ranar ƙarshe, ta jibga wa mutumin da ke ƙarshen jerin sunaye aikin safe da na yamma gaba ɗaya, ta kuma cinye masa hutun da ya kamata ya biyo baya. Ni na fara ganowa, domin sunana ne a ƙarshe a ɗakinmu. Na zauna na lalubo wurin, na gyara a fulofina, na ja bakina na tsuke. Yaya zan dubi mutumin da ya isa ya haife ni in ce masa lissafinsa bai fita ba? A gidanmu ko babban yayanka ya ce yau Talata alhali Laraba ce, cewa za ka yi haka ne Yaya, sai ka je ka yi harkokinka na Laraba. Haka aka yi shekara biyu. Daga baya na fahimci Alhaji da Injiniya su ma sun gano, kowa ya yi nasa gyaran a ɓoye, ba wanda ya ce wa Baba uffan.

Ana nan sai ga wasiƙa daga wasu masu shirya babban taro a Kaduna, na masu irin aikinmu. Sun ji labarinmu, suna so mu zo mu yi jawabin minti ashirin a kan yadda ake gina jama'a mai lafiya a kewayen buɗaɗɗiyar manhaja. Alhaji ya sa aka manna wasiƙar a bangon shago, kusa da hoton ɗan takarar kansila. Aka ɗora mini tsara jawabin saboda wai na fi kowa baki. Ni kuwa na zage. Na sayo kwali na yanka, na rubuta kanun magana ɗaya a kan kowanne: yadda muke karɓar baƙo, yadda Musulmi da Kirista ke musayar aikin Juma'a da na Lahadi ba tare da an kai ruwa rana ba, yadda muke koyar da juna. A kwali na huɗu na rubuta da manyan baƙaƙe: A WAJENMU KOWA NA IYA GYARA WA KOWA. Ko kunya ban ji ba lokacin da nake rubutawa, don jimlar ta yi mini daɗi a baki.

Baba ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya cire biyu ya ce surutu ne. Da ya zo kan na huɗu sai ya ɗaga shi sama.

"Wannan shi ne jawabin gaba ɗaya, 'yata," in ji shi. "Sauran duk ado ne. Kuma ba da baki kawai za mu faɗa ba. Zan sa fulofina a gabansu, in kira mutum goma daga cikin masu sauraro su ba ni sunayensu, in fitar musu da rostar watan da muke ciki, kowa ya gani a bango."

Na dubi kalandar da ke bayan Alhaji. Watan taron kwana talatin da ɗaya ne. Na dubi Alhaji, ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba a ƙarƙashin tebur. Injiniya ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali yanzu muka idar da la'asar.

Abin da ke gabanmu a fili yake. In muka yi shiru, Baba zai tsaya gaban ɗaruruwan mutane, irin samarin nan masu tabarau da ba su san girman kowa ba, wani ya miƙe ya ce, Malam, me ya sa na ƙarshe zai yi aiki biyu? In kuwa muka faɗa masa, dole wani ya buɗe baki. Washegari ina wurin aiki suka yi taron gaggawa su biyu. Da na zo da yamma Alhaji ya tarbe ni da fara'a irin ta mai shelar sakamako.

"Hajiya, an yi zaɓe. Ke za ki gaya masa."

"Wane zaɓe? Ina wurin?"

"An kaɗa ƙuri'a, kin ci da uku."

"Ku biyu ne fa!"

"Mun kaɗa miki taki," in ji Injiniya. "Mun san ba za ki ƙi jama'a ba."

Na zazzage musu abin da ke bakina, na ce wannan mulkin farar hular da suka koya ba a makarantar kirki suka koyo shi ba. Amma kujera ta riga ta hau kaina. Sai dai ni ma 'yar zamanin ce. Na ce a raina, an zaɓe ni in warware matsala, ba a ce lallai sai da baki ba. Na sayo fulofi baƙi irin na Baba sak, na kwafe gyararriyar manhajata a ciki, na kwaikwayi rubutunsa a jikin takardar da jan biro. Na san hannunsa sarai, ya sha zagaye mini shirme da shi.

Ranar Asabar da hantsi na hau acaɓa zuwa Tarauni, wai na zo mu ƙarasa tsara jawabi. Mama, matarsa, ta zubo mini gwaten acca mai zafi. Baba ya fito da fulofinsa daga cikin wani gwangwanin biskit da yake ajiye shi, naɗe a hankici kamar kuɗin tsohuwa. Muka yi ta magana a kan wa zai fara, wa zai rufe, ni dai idona na kan gwangwani. Da ya tashi ɗauko tabarau a ɗaki, na yi wuf na musanya. Ina ɗagowa muka haɗa ido da Mama, tana tsaye bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Me kika sa a ciki?" ta tambaya a hankali.

"Mama, alheri ne, wallahi."

Ta dube ni ta girgiza kai. "Ku dai kuna wahalar da kanku. Mutumin nan ba ya cizo." Ta koma kicin abinta, ba ta tona ni ba. Na dawo gida ina jin kaina gwana, har na tsaya a Unguwa Uku na saya wa kaina yadi.

Saura kwana huɗu tafiya muka yi gwaji a shagon. Alhaji ya aro majigi, aka haska farin bango, 'yan leƙe suka cika benci don an ce akwai lemo. Na yi nawa ɓangaren, na ɗaga kwali na huɗu na karanta da murya mai daɗi, aka tafa. Baba ya sa fulofi, ya karɓi sunaye goma, ya fitar da rosta. Ranar talatin da ɗaya ta fito tsaf, kowa da rabonsa. Injiniya ya dube ni ya ɗaga gira, ni kuma na gyara mayafi irin na wadda ta gama aikinta.

Sai Baba ya ce, "Yanzu kuma zan nuna musu abin da ake nufi da buɗaɗɗiya. Ba mu da abin ɓoyewa. Ga cikinta, kowa ya karanta."

A rubutun manhaja akwai wurin da mutum kan bar wa kansa 'yar tunatarwa. Kwamfuta ba ta kula ta, ido kawai ke gani. Ni na manta shaf cewa shekara biyu da suka wuce na bar irin wannan a saman gyarana. Baba yana gangarawa layi layi, sai ga ta a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu: GYARAN KUSKUREN BABA. KADA A GAYA MASA. Har da kwanan wata na sa, don ni mai tsari ce.

Ban taɓa roƙon Allah a ɗauke wuta ba sai ranar. Wutar da ba ta yin awa biyu a tsaye, ranar ta zauna daram. Fanka ma sai juyawa take abinta. Wani ɗan leƙe ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Baba ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya karanta gyaran nawa tun daga sama har ƙasa.

"Gyaran ya yi kyau," in ji shi. "Wa kuma ya sani?"

Bai jira amsa ba. Ya miƙa hannu ya ce kowa ya kawo fulofinsa. Aka fara da na Injiniya. Shi maganin da ya yi shi ne ya soke ranar talatin da ɗaya ɗungurungum, a wajensa duk wata kwana talatin ne, ranar ƙarshe da hannu yake cikewa. Na Alhaji ya fi ban dariya. Bai taɓa rubutun ba sam, suna ɗaya na bogi ya ƙara a ƙarshen jeri, duk wahalar sai ta faɗa kan mutumin da babu shi. Wato ma'aikacin bogi na farko da na taɓa gani yana aiki fiye da kowa. Yanzu kam dariya ta ƙwace wa mutane, har Alhaji ya ce ai a ma'aikatu ma haka ake yi, shi dai nasa ba ya karɓar albashi.

Baba bai yi dariya ba. Ya jera fulofin uku a kan tebur, ya daɗe yana kallonsu.

"Shekara biyu kuna durƙusa mini kuna gaishe ni," ya ce. "Ashe kun ajiye ni ne kamar hoton bango, ana share mini ƙura ana wucewa." Sannan ya ce, "Ku kun gyara naku. Nawa fa? Kun san asibiti nawa na kai wa nawa da hannuna?"

Wannan ne bai taɓa zuwa mini a rai ba, ko sau ɗaya. Ni kunyar Baba kawai nake gani. Ashe duk ƙaramin asibitin da ya san wani a ciki, sai ya je da gwangwaninsa ya saka musu, yana alfahari. Guda uku ne. Biyu sun daina amfani da ita da kwamfutarsu ta lalace. Na ukun, wani ɗan asibitin haihuwa mai zaman kansa a Unguwa Uku, yana nan yana bin ta sau da ƙafa.

Washegari da safe ya ce in raka shi. Muka sami mai asibitin, Baba ya nemi tsofaffin rosta, ya sa yatsa a sunan ƙarshe ya ce a kira masa ita. Sai ga wata mata ta fito, za ta girme ni da kamar shekara goma, ungozoma ce, hannunta jiƙe tana gogewa da gefen riga. Ita aka ɗauka aiki a ƙarshe, shi ya sa sunanta ke ƙasa. Baba ya miƙe tsaye, ya cire hula, ya yi mata bayani dalla-dalla, ya ce laifinsa ne, ya roƙe ta ta yafe masa.

Matar ta zauna a bakin benci. Ta ce sau uku tana kai kuka, ana ce mata kwamfuta ba ta san kowa ba balle ta yi son kai. Har ta yarda cewa shugabar ma'aikatan ce ke mata ƙulli, ta daina gaishe ta kusan shekara. Ta ce ranar hutun nan ita ce ranar da take zuwa Darmanawa ta yi wa mahaifiyarta wanka da kitso, don tsohuwar ba ta iya tashi.

"Ba komai, Baba, kuskure ne, kai ba ka sani ba," ta ce. Sai ta juyo gare ni, ta ga farar rigar aiki a ƙarƙashin mayafina. "Ke kuma 'yar'uwa, yaushe kika sani?"

Na waiwayi Baba. Baba bai cece ni ba, ya tsaya yana jira kamar yadda yake jiran amsa a aji. Na ce shekara biyu. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi, "Allah sarki," ta tashi ta koma wurin mai naƙuda. Na sha jin kunya a rayuwata, amma ban taɓa jin irin ta ranar ba. Baba ya zauna da jan bironsa ya ƙirga hutun da aka cinye mata, kwana goma sha ɗaya, bai bar wurin ba sai da mai asibitin ya yarda zai mayar mata da su.

A hanyar dawowa na ce, "Baba, sai mu cire kwali na huɗu."

"A kan me? Shi za mu fara da shi. Daga nan sai mu haska rubutunki."

"Baba, don Allah!"

"An zaɓe ki da ƙuri'a uku, na ji labari. Ki yi wa jama'a aiki."

Haka aka yi a Kaduna. Na ɗaga kwali na karanta, Baba ya haska tunatarwata a bangon da ya ninka na Alhaji sau huɗu, zauren ya kece da dariya. Da aka zo kan ma'aikacin bogi har da masu buga tebur. Alhaji ya miƙe yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci mazaɓa. Sannan Baba ya ba da labarin ungozomar, bai faɗi sunanta ba, dariyar ta mutu. Bayan an tashi, mutane suka yi ta zuwa ɗaya ɗaya, kowa yana rage murya yana ce mana su ma akwai wani babba a wajensu da ake gyara wa aiki a ɓoye.

Zan so in ce daga ranar na warke, amma ƙarya ne. Mako uku da dawowarmu na sake gano wani kuskuren a sabon rubutun Baba, ƙarami, a wajen hutun haihuwa. Na hau acaɓa zuwa Tarauni da niyyata a cike. Na durƙusa na gaishe shi. Na tambayi lafiyar Mama, da yara, da jikoki, da mutanen Filato, da ciwon gwiwarsa. Na sha gwate kwano guda. Muka taɓa hirar kansilan da aka zaɓa bai sake leƙo unguwa ba. Awa ɗaya cur, sannan na miƙe na ce to Baba, dama gaisuwa na zo.

Ina saka takalmi Mama ta leƙo daga kicin. "Ke, faɗa masa mana. Tun da kika shigo yake jira."

Na juyo. Yana zaune inda na bar shi, ya riga ya zare jan biron daga aljihu, ya miƙo mini ta wajen marfin. Na karɓa.

"Baba," na ce, "lissafin hutun haihuwa bai fita ba."

Ya matsa gefe a kan kujera, ya share mini wuri da tafin hannu.

"Yawwa, 'yata. Zauna ki nuna mini."